Sassaben da Na Yi wa Ciyaman

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa majalisar bakin masallaci sai wani ya dafe kunnensa ya yi tsalle, sauran su fashe da dariya. Na gaji da jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi da hannuna. (Ku yi haƙuri da rubutun. Bokona duka wata biyar ne a ajin yaƙi da jahilci, biyu daga ciki kuma gyangyaɗi na yi.)

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Bukkuyum yake, ta wajen hanyar da ke fita Gummi. Kowa manomi ne, kuma a wurinmu ba a tambayar halin mutum, gonarsa ake leƙawa. In bazara ta yi, namiji ya ɗauki gatari da adda ya shiga sassabe: duk wani tohon kalgo, sabara, geza ko magarya da ya fito a kan kututture a sare shi, a tara, a cinna wuta. Gonar manomin kirki kafin ruwan farko tas take kamar tsakar gidan amarya.

Tawa kuwa shekara talatin ana ce mata Dajin Allah. Mata in itace ya yanke musu can suke zuwa. Wani Bafulatani ya taɓa rasa maraƙinsa kwana biyu, a tsakiyar gonata aka same shi kwance yana tuƙa. Ba wai ban iya sassabe ba ne. Nakan ɗauki gatari in fita da kyakkyawar niyya, in sare ɗaya, in sare biyu, ina isa na uku sai in ga inuwarsa ta yi kyau, in ce bari in ɗan zauna in yi shawarar ta inda zan faro masa. Shawarar ba ta ƙarewa sai azahar.

Abin mamaki, gerona ba ya kunyata ni. Amma ba wanda ya taɓa cewa ni na yi. Sai dai a tsaya gaban rumbuna a girgiza kai a ce, "Allah mai ciyar da raggo." Ina dariya tare da su, amma in faɗa muku gaskiya abin yana ci mini rai. Mutum ya haura sittin, ga jikoki, ba a taɓa kiransa manomi ba ko da wasa. Burina a duniya bai wuce ranar da za a faɗi sunana a bainar jama'a a haɗa shi da noma ba tare da kowa ya yi dariya ba.

Lokacin ana tsakiyar rububin zinari ne, samarinmu duk sun kwashe sun tafi ramukan ƙasar Anka, an bar mu tsofaffi da gonaki. Bayan masifar dalmar nan da ta taɓa yara a ƙauyukan can, ƙananan hukumomi suka farka da maganar muhalli. Yau a zo da maganar shara, gobe maganar rijiya. Tamu ta turo mana wani malamin daji, Malam Nura, matashi siriri mai tabarau da babur, wanda ba ya wuce itace bai tsaya ya shafa shi ba. Ya yi mako biyu yana zagaya gonakinmu yana rubuce-rubuce, sannan ya roƙi maigari ya tara masa dattawa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta firamare.

Ranar kasuwa ce, ba mu fi mu goma muka je ba. Ni ma na je ne don na ji an ce za a raba goro. Na samu wuri can baya na jingina da bangon aji, cikina cike da fura, iska na kaɗawa. Na ji Malam Nura ya ce hamada tana matsowa. Na ji ya ce iska tana kwashe ƙasar noma. Daga nan ban sake jin komai ba.

Tafi ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga kowa ni yake kallo, har maigari yana murmushi. Na yi maza na shiga tafin ni ma. Malam Nura ya taso ya durƙusa gabana ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, duk ƙasar nan ban ga gona irin taka ba. Ita muka zaɓa. Laraba ta sama ciyaman da kansa zai zo ya gani, za mu kafa allo. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka taɓa komai. Ka bar ta yadda take."

Na ce, "Ba komai, ɗana. Allah shi kai mu."

To, ku ma ku yi mini adalci. In baƙo ya aiko maka cewa yana tafe, ya ce kada a wahalar da kai, kada a dafa komai, me kake yi? Kaza kake kamawa. Ni a nawa lissafin, yaron ya ga rumbuna ne, ya gane abin da mutanen garin suka kasa ganewa shekara talatin, wato ni manomi ne na ɓoye. Zancen kada a taɓa komai kuwa ladabi ne na ɗan mutanen kirki. Ta yaya ciyaman zai tako ƙafa ya zo gonata ya tarar da daji? Ai gara in bar garin.

A hanyar gida Labbo ya cim mini. Labbo ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba wanda ya taɓa gaya wa ɗan'uwansa gaskiya a tsakaninmu. Shi ne ya taɓa shaida wa baƙin da suka zo neman auren 'yata cewa ni kurma ne, suka wuni suna yi mini ihu a kunne. Ni kuma na rama, na gaya wa surukansa likita ya hana shi nama, ya yi kwana uku a gidansu kan kunu da kwaɗon zogale, yana kallo ana cinye rago. Haka muke.

Ya ce, "Kai raggo, na ga kana minshari. Ka san mi anka ce?"

Na ce, "Kaf na ji. Ni in na rufe ido sannan nika ji da kyau."

"To don ba ka sassabe anka zaɓi gonarka. Malamin ya ce tohon ga da muke sarewa shi ne maganin hamada, shi ka riƙe ƙasa, ganyenai taki ne. Wai kai kaɗai ka bar naka. Kak ka taɓa ko reshe guda."

Na tsaya na dube shi. Fuskarsa ba alamar dariya. Na ce a raina, lallai mutumin nan ya ƙware, har ya koyi ɗaure fuska. Wato so yake in bar gona da datti, ciyaman ya zo, motoci su zo, a tsaya a kalli Dajin Allah, shi kuma ya samu abin ba'a na shekara goma. Hukuma ce za ta yaba wa mutum don bai yi aiki ba? A wace duniya?

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Na gode, ɗan gwaggo. Allah shi bar zumunci."

Ya ce, "Wallahi da gaske nikai."

Na ce, "Awo, ai na sani." (Rantsuwar ma ban ɗauke ta a bakin komai ba, Allah ya yafe mini. Na ɗauka yana da wata dabara ta kaffara.)

Washegari Labbo ya hau kabu-kabu ya tafi Anka ta'aziyya, zai yi kwanaki. Malam Nura ya koma Bukkuyum shirin taro. Fili ya zama nawa. Na yanke shawarar yin abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: kiran gayya.

Da na gaya wa mai ɗakina Ige, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

"Malam, lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau. Ki daka fura mai yawa, ki yi hoce. Jibi gayya."

"Shekara talatin ban ga ka nemi gatari da kanka ba. Ka tabbata ka ji abin da anka ce wajen taron ga?"

Na ce, "Ke da ba ki je ba za ki gwada min ji?"

Ta ce, "A'a. Amma na san wanda ya je."

Ban kula ta ba. Ban kuma gayyaci mutanen gari ba, don ina son abin ya zo wa maigari ba zato. Na tsallaka rafi na je tungar su Ige na kira danginta, mutum goma sha biyu, dattawa masu ƙashi, ƙaninta Bawa ne jagoransu. Na haɗa da makaɗi. Gonar tana da ɗan nisa da gari, ko an buga ganga ba a ji.

Muna shiga Bawa ya tsaya ya nuna wani tohon gawo. An ɗaura masa jan ƙyalle. Muka duba, ashe ƙyallayen sun fi ɗari, ko'ina a gonar, a kan kalgo, a kan aduwa, a kan magarya, kuma duk a kan rassan da suka fi miƙewa.

Ya ce, "Yaya, mi ne ne wanga? Ko sammu anka yi maka?"

Ni ma ban san ko mene ne ba, amma ba a nuna wa suruki rashin sani. Na gyara murya na ce, "Alamar hukuma ce. Waɗanda malami ya fi son a fara sarewa ke nan."

Aka fara da su.

Jama'a, ban taɓa sanin daɗin aiki ba sai ranar. Ganga na tashi, gatura na sauka, makaɗi ya biyo ni a baya yana wasa ni, yana kirana gwarzon bazara, mai gonar da ciyaman ke marmari. Na sare, na tara, na ja ƙaya da hannuna har jini. Wani wuri na juya baya na share ido da gefen riga, na ce hayaƙi ne, alhali ba a ma kunna wutar ba tukuna. Magaryar da nake barcin rana a ƙarƙashinta, wadda ta san sirrina fiye da Ige, ni na kai ta ƙasa da kaina. Kafin la'asar mun tara, mun ƙone. Dajin Allah ya koma fili fetal, sai tabon toka nan da can.

Abu ɗaya ya gagare mu. A kusurwar gabas akwai wani cunkoson kalgo mai duhu. Bawa ya kai masa sara ɗaya ya jefar da adda ya zuba da gudu yana marin wuyansa. Rina ce, gida uku manya a ciki, kowane kamar faifai. Wani dattijo ya ce shi ba ya tsoron rina, ya matsa, ya dawo da ido ɗaya. Muka ce a bar shi sai an samu hayaƙi da sanyin safiya. Sanyin safiyar kuwa ya zo ya tarar da ni ba na iya ɗaga hannu don ciwon jiki. Na ce kalgo ɗaya a lungu, wa zai lura?

Ranar Laraba na sa babbar rigata ta Sallah da hula, na shafa turare, na riga kowa isa. Na ɗauki tsintsiya na share bakin hanya. Surukaina na tunga suka zo suka jeru a bayana don a san da hannunsu. Wajen hantsi muka hango ƙura: motoci biyu, babura sun fi ashirin, maigari da rawaninsa, mutanen gari a ƙafa, wani ma'aikaci riƙe da lasifika, wasu biyu ɗauke da allon da za a kafa. Labbo ma ya dawo a daren, yana cikin ayarin.

Motar gaba ta tsaya. Malam Nura ya fito, ya duba gabas, ya duba yamma, ya leƙa ya yi wa direba magana kamar yana cewa sun ɓata hanya. Sai ya hango ni. Ya taho da sauri.

"Baba, ina kwana. Ina gonar?"

Na buɗe hannu na ce, "Ga ta, ɗana. A cikinta kake tsaye."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sunkuya ya tsinci wani abu a cikin toka. Guntun jan ƙyalle ne, rabinsa ya ƙone. Ya riƙe shi a tafin hannu kamar wanda aka miƙa wa gawar ɗan tsako.

"Baba... kwana huɗu na yi ina ɗaura waɗannan."

Na ce, "Kada ka damu, ba mu bar ko ɗaya ba."

Wurin ya yi tsit. Irin shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa a sallar Idi. Na waiga wajen Labbo ina jiran in ga haushin an gano shi. Sai na ga ya ɗora hannu biyu a ka, bakinsa a buɗe. A nan ne na fara zargin ko da gaske yake. Labbo bai taɓa rasa abin faɗa ba.

Ciyaman ya fito, mutum mai jiki cikin farar shadda, da fara'arsa. Ashe tun daga Bukkuyum Malam Nura yake ba shi labarin wani dattijo mai hangen nesa wanda ya ƙi sare tohon gonarsa shekara talatin duk da gorin mutane, ƙasarsa ta fi ta kowa danshi, geronsa ya fi na kowa. Ashe ba dashe hukuma ke so a yi ba a wannan karon, don na bara awaki sun cinye. So take kowane manomi ya bar tohon da ya fito da kansa, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya raine su su zama itace. Gonata ce makarantar da za a koya wa mutane. Duk wannan a tsaye na ji shi, daga bakin Malam Nura.

Ciyaman ya dube ni ya ce, "Dattijo, me ya faru?"

A nan ne ya kamata in ce na yi kuskure. Kalma uku. Da an yi dariya an watse. Amma ga surukaina a baya, ga maigari, ga makaɗin da ya kira ni gwarzo. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ranka shi daɗe, da gangan ne. Na share nan ne don jama'a su ga bambanci. Ga samfur can na bari."

Na nuna kalgon kusurwar gabas.

(Na ji Bawa a bayana ya ce, "Inna lillahi.")

Malam Nura kamar wanda ya faɗa rijiya aka jefa masa igiya. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ranka ya daɗe, wannan ma ya isa mu nuna. Jama'a a matso!" Mai lasifika ya maimaita, a matso, a matso. Aka ɗunguma. Ni ina tsakiya ana tafe da ni kamar ango. Da muka kusa, Malam Nura ya karɓi adda a hannun wani ya miƙo mini da ladabi.

"Baba, kai ne mai gona. Kai za ka fara. Ka zaɓi reshe uku, ka rage sauran. Ciyaman na kallo."

Tsakanina da kalgon bai fi taku goma ba, amma na yi tunanin duniya a cikinsu. Ina jin ƙugin rinar tun daga nan. Na waiga, surukaina sun fara ja da baya a hankali, suna kallon sama kamar masu duban wata. Na ce a raina, ko in faɗi gaskiya a kira ni raggo kuma maƙaryaci, ko in shiga a harbe ni in fito manomi. Na lissafa harbi biyar, ko shida, zan iya daurewa. Na kuma yi wa kaina alkawarin zan lallaɓa in yanki ɗan reshe na gefe, mai nisa da gidajen, ba za su ma sani ba.

Na yi bisimilla. Na kama reshen. Ashe duk a sarƙe suke.

Ban san adadin da suka fito ba, na dai ga rana ta dushe. Ta farko ta same ni a leɓe, ta biyu a fatar ido, sauran suka shige babbar riga ta wuya da hannuwa, kun san babbar riga ƙofofinta da yawa. Daurewar da na yi alkawari ba ta kai ƙiftawar ido ba. Na yar da adda na juya da gudu. Kuma mutum in ya firgita wajen mutane yake nufa. Na nufi ciyaman.

Abin da ya biyo baya kowa a garinmu yana da nasa labarin. Ni abin da na gani da ido ɗayan da ya rage mini shi ne: masu allo sun kifa shi a kansu suna gudu tare, ƙafa huɗu ba kai. Maigari, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba, ya wuce ni rawani na warwarewa a bayansa. Ciyaman ya isa mota kafin direbansa. Mai lasifika kuwa ya manta bai kashe ta ba, duk karkarar nan har tsallaken rafi an ji shi yana "Wayyo Inna! Wayyo Inna!" Ni kuma na tuɓe rigar Sallah na jefar, na tuɓe ta ciki, na yi ta zagaya gonata da wando kaɗai ina marin kaina. Kuma da yake na share ta tas, babu ko itace ɗaya da zan ɓuya a bayansa.

Da ƙura ta lafa aka sake taruwa can bakin hanya, kowa na shafa wani wuri. Ciyaman ya sauke gilashi kaɗan, kunnensa na dama ya yi suntum. Ya sa aka kira ni. Na zo na durƙusa, ba riga, leɓena ya kai girman hoce, wainar dawar nan tamu.

Ya ce, "Dattijo, tsakaninka da Allah. Ka san da rina a ciki?"

Na ce, "Na sani, ranka shi daɗe."

"Ka ji bayanin da malami ya yi ranar taro?"

Na duba ƙasa. Ƙasar ma a share take, ba abin kallo.

"Barci na yi, ranka shi daɗe."

Sai Labbo ya samu bakinsa. "Na gaya mishi! Wallahi na gaya mishi, har da rantsuwa!"

Na ce, "To wa ya taɓa jin gaskiya a bakinka?"

Ciyaman ya fara dariya, yana dafe kunne yana yi, har ya kifa kai a kujerar gaba. Da ya yi, kowa ya samu izini. Malam Nura ne kaɗai bai yi ba, kuma shirunsa ya fi harbin zafi. Da aka natsa ciyaman ya ce to allon nan ba za a koma da shi Bukkuyum ba, a gaya masa, bayan wannan dattijo, gonar wa ta fi daji a garin nan?

Ba wanda ya yi shawara da wani. Hannu ya fi hamsin ya nuna Labbo.

A gonarsa aka kafa allon. A gabana aka ɗauke shi hoto da ciyaman, yana gyara hula, ana kiransa manomi abin koyi. Mutumin da ko rabin lalacina bai kai ba.

A gida Ige ta kwaɓa toka tana shafa mini, tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai ashirin da wani abu ta daina. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ita ba ta da wannan halin. Cewa ta yi, "Malam, shekara talatin kana kwance Allah na rufa maka asiri. Rana guda ka tashi." Sannan ta tambaye ni inda za ta riƙa samo itace yanzu.

Bayan ruwa na uku sai ga Malam Nura a ƙofar gidana da babur. Na so in ce ba na nan, amma ya riga ya ga ƙafafuna. Ya ɗauke ni muka je gonar. Kowane kututture ya fitar da toho, kore shar, har magaryata. Ya ce saiwar ba ta mutu ba, saman kawai muka aske. Ya zaro jajayen ƙyallaye daga jaka ya miƙo mini rabi, ya ce wannan karon tare za mu ɗaura, kuma ba zai yi bayani ba sai ina tsaye. A nan na gane ashe barin itacen ma aiki ne: ka zaɓa, ka rage, ka kare daga awaki, kowace shekara. Ni da na zaci an halatta mini kwanciya. Yanzu gawona sun fi ni tsawo, kuma wasu na zuwa daga ƙauyuka su gani. Sai dai in sun shigo gari ba sa tambayar gonar manomi, gonar Mai Rina suke tambaya.

Darasin da na ɗauka shi ne, ko taubashinka ne, in ya yi maka magana ya ɗaure fuska, ka saurara, mai yiwuwa gaskiya ce. Matsalar ita ce Labbo ma ya gane na ɗauki darasin. Kwanan baya ya same ni a majalisa, fuska ba walwala, ya ce ana nemana a sakatariya da gaggawa za a ba ni lambar yabo, in sa riga mai kyau. Na hau kabu-kabu har Bukkuyum. Na tarar ranar hutu ce, ba kowa sai maigadi. Shi ma da ya ji sunan garinmu sai ya leƙo ya dube ni da kyau, ya dafe kunnensa ya ce, "Baba, ba kai ne ba?"